Tsoron Ta'addanci: Hankali Ne Ko Ƙin Musulmi?

Tun daga ranar 11 ga watan Satumba na shekarar 2001, sa'ad da waɗansu mutane 19 suka sace jiragen sama huɗu a Amurka suka hallaka rayuka kusan 3,000 a safiya ɗaya, ake wata gardama a ƙasashen Turai da Amurka wadda har yau ba a raba ta ba. Wani ɓangare yana cewa tsoron da jama'ar waɗannan ƙasashe ke yi wa ta'addanci abu ne na hankali, domin sun ga jini da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Ɗaya ɓangaren yana cewa tsohuwar ƙiyayyar Musulmi ce kurum ta sami sabuwar rigar sawa. Kowane ɓangare yana da malamansa da 'yan jaridarsa da 'yan siyasarsa, kuma kowa yana ganin abokin gardamarsa ko dai makaho ne ko kuwa munafuki.

Kada mai karatu ya ce wannan faɗan Turawa ne, babu ruwanmu. 'Ya'yanmu suna zuwa waɗannan ƙasashe neman ilmi, ma'aikatanmu suna zuwa kwas da tarurruka, 'yan kasuwarmu suna zuwa sayen kaya, kuma duk mai suna Muhammadu ko Usamatu ya san irin kallon da akan yi wa fasfonsa a filin jirgin sama. Bayan wannan, mutanen da muka binne a ƙasar nan sanadiyyar ta'addanci tun daga 2009 sun fi waɗanda ƙasashen Yammacin Turai duka suka binne, nesa ba kusa ba. Saboda haka muna da bakin magana, domin mun ɗanɗani abin ta fuska biyu: an kashe mu, an kuma zarge mu.

A nawa ganin, tsoron yana da tushe, wanda kuwa ya ce ba shi da shi bai yi wa waɗanda suka mutu adalci ba. Amma samun tushe ba ya wanke duk abin da aka gina a kansa. Ana iya rarrabe tsoron hankali da na ƙiyayya idan aka yi tambayoyi uku. Ta farko, shin girman tsoron ya yi daidai da girman haɗarin? Ta biyu, shin abin da mutum ya aikata ake tsoro, ko kuwa sunansa da tufafinsa? Ta uku, shin mudu ɗaya ake auna kowane mai kisa da shi, ko kuwa akwai mudun saye daban da mudun sayarwa?

A Ba Tsoro Hakkinsa

A watan Maris na 2004 an tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa na birnin Madrid, mutum fiye da 190 suka mutu. A watan Yuli na 2005 an kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata bas a London. A watan Nuwamba na 2015 an kashe 130 a Paris cikin dare ɗaya. A 2016 wani ya bi ta kan jama'a da babbar mota a birnin Nice ya kashe 86, a 2017 kuma aka tayar da bam a ƙofar wani zauren kaɗe-kaɗe a Manchester, mutum 22 suka mutu, da yawansu yara ne da matasa. Duk waɗannan an aikata su ne da da'awar Musulunci, kuma ba 'yan jarida suka ƙaga wannan da'awa ba. Waɗansu maharan sun faɗa da bakinsu a faifan da suka bari, waɗansu kuma ƙungiyoyin da suka ɗauki alhaki suka faɗa a madadinsu. Uwar da ta kai 'yarta kallon wasa aka dawo mata da gawa, in ta firgita, babu mai imanin da zai ce ƙiyayya ce ta firgita ta.

Mu kanmu mun san wannan tsoro. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 an kashe mutum kimanin 185 a Kano. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 an kai hari Babban Masallacin Kano ana tsakiyar salla, fiye da mutum 100 suka rasu. A tsakanin waɗannan shekaru an hana acaɓa a birnin, an kafa shingaye a kan tituna, an riƙa caje masallata a ƙofar masallaci. Da aka fara ɗaura wa 'yan mata bam a 2014, sai ga shi Musulmi suna ɗari-ɗari da yarinya mai dogon hijabi a kasuwa da tasha. Waɗanda suka yi wannan ɗari-ɗari matansu da 'ya'yansu hijabin suke sawa. Babu wanda zai ce sun ƙi Musulunci. Sun ga inda ake ɓoye bam ne, suka yi hattara.

Kuma ta'addanci yana da abin da ya bambanta shi da sauran musibu. Haɗarin mota ba ya nufin kowa, ba ya shirya makirci, ba ya kuma fatan gobe ya kashe fiye da na yau. Ɗan ta'adda kuwa da gangan yake zaɓen kasuwa da makaranta da wurin ibada, domin kowa ya ji cewa babu inda ya tsira. Saboda haka ya kamata Musulmi mu daina gaggawar kiran duk mai tsoro maƙiyi. Wannan gaggawa ma tana da nata haɗari. A gaban kwamitin da ya binciki harin Manchester, wani mai gadi ya shaida cewa ya ga maharin da babbar jaka, zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, amma ya kasa tunkararsa don gudun kada a ce ya nuna wariyar launin fata. Mintoci kaɗan bayan haka bam ya tashi.

Girman Tsoro da Girman Haɗari

To, amma fa tsoro yakan zarce abin da ya haife shi. A Amurka mutum kimanin 40,000 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, watau duk wata guda hanyoyin ƙasar suna cin rayuka sama da waɗanda harin 2001 ya ci. Bayan wancan hari, Amurkawa da yawa suka ƙaurace wa jirgin sama suka koma doguwar tafiya a mota. Wani masani Bajamushe, Gerd Gigerenzer, ya bi lissafin, ya kiyasta cewa a cikin shekara guda an sami ƙarin mutum kimanin 1,500 da suka mutu a kan hanya saboda wannan sauyi. Sun gudu daga haɗarin da suke gani a talabijin, suka faɗa wanda ya fi shi kusa. Wannan shi ne gudun gara, a faɗa gidan zago.

Haka nan kuma, masu ganin cewa ta'addanci baƙo ne da Musulmi suka kawo Turai sun manta da tarihin jiya-jiya. Rikicin Ireland ta Arewa ya ci rayuka fiye da 3,500 daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998. Ƙungiyar ETA ta kashe mutum sama da 800 a Spain. A Italiya 'yan tawayen gurguzu sun sace tsohon Firayim Minista Aldo Moro suka kashe shi a 1978, a 1980 kuma masu tsattsauran ra'ayin farkisanci suka tayar da bam a tashar jirgin ƙasa ta Bologna, mutum 85 suka mutu. Ta'addanci ya fi cin rayuka a Yammacin Turai a shekarun 1970 da 1980 bisa ga shekarun da suka biyo bayan 2001, kuma masu yinsa a wancan zamani galibinsu 'yan gida ne.

Tsoron da ya wuce kima shi kaɗai bai zama ƙiyayya ba. Rauni ne na ɗan Adam, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Illarsa ita ce yana buɗe wa mayaudara ƙofa. A 2003, wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na Amurkawa suna zaton Saddam Husaini yana da hannu a harin 2001, alhali kuwa ba shi da shi. A cikin wannan yanayi aka mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi, waɗanda ba a taɓa samu ba. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, kuma daga cikin tokar wannan yaƙi ne ƙungiyar ISIS ta tsiro. Tsoron da aka hau ba linzami shi ya haifi wani abin tsoron da ya fi na farko muni.

Aiki Ake Tsoro Ko Suna?

A nan ne ƙiyayya ke fara nuna fuskarta. Kwana huɗu bayan harin 2001, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke Jihar Arizona. Marigayin ba Musulmi ba ne, mabiyin addinin Sikh ne daga Indiya, amma yana da rawani da gemu, wannan kuwa ya ishi wanda ya kashe shi hujja. Ƙididdigar hukumar FBI ta nuna cewa laifuffukan ƙiyayya ga Musulmi a Amurka sun tashi daga 28 a shekarar 2000 zuwa 481 a 2001. Babu ɗaya daga cikin waɗanda aka zaga ko aka doka da ya saci jirgi. Abin da suka yi tarayya da maharan a kai shi ne suna, ko launi, ko abin da suka ɗaura a ka.

A watan Nuwamba na 2009 mutanen Switzerland suka jefa ƙuri'ar raba gardama, kashi 57 cikin 100 suka amince a hana gina hasumiyar masallaci. A lokacin hasumiya huɗu ce tak a duk faɗin ƙasar. Hasumiya ba ta fashewa, ba a kuma ɓoye makami a cikinta fiye da yadda za a ɓoye a gareji. Wannan doka ba ta kāre ran kowa ba, saƙo kawai ta isar ga Musulmin ƙasar cewa ba a son ganin alamarsu. Haka kuma a watan Janairu na 2017 Shugaba Donald Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga Amurka, watau Iran da Iraƙi da Libiya da Somaliya da Sudan da Siriya da Yaman, da hujjar tsaro. Amma daga cikin mahara 19 na 2001, 15 'yan Saudiyya ne, biyu 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya ɗan Masar, ɗaya ɗan Labanon. Babu ko ɗaya daga ƙasashen da ke cikin jerin. A watan Satumba na wannan shekara sai aka ƙara da Chadi, ƙasar da sojojinta suka taimaka wajen ƙwato Gamboru da Dikwa da Damasak daga hannun Boko Haram a 2015, ba a cire ta ba sai a Afrilun 2018.

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na ranar Kirsimeti ta 2009, sa'ad da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Makonni kafin wannan rana, mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa ya yi gargaɗi game da ɗansa. Sahihin bayani ya zo daga bakin uba Musulmi, aka yi sakaci da shi, ba a soke bizar yaron ba. Da abin ya auku, sai aka sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu bincike na musamman, aka ɗora wa mutum kimanin miliyan 150 laifin mutum guda. Bayan 'yan watanni Amurka da kanta ta soke wannan tsari ta koma bin bayanan sirri game da mutum ɗaiɗai, domin ta ga bai ƙara mata tsaro ba.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya iya lissafi. Musulmin duniya sun kai kimanin biliyan 2, watau rubu'in 'yan Adam. Baƙin da suka tafi Iraƙi da Siriya suka shiga ISIS a lokacin ganiyarta an kiyasta su kimanin 40,000, ke nan mutum ɗaya cikin 50,000. Jami'in da ya ce zai zargi kowane Musulmi, kamar mai neman allura ne da ya ƙara tara wa kansa ƙaiƙayi. Zai ɓata lokacinsa a kan likita da ɗalibi da tsohuwa mai zuwa ganin jikanta, wanda ake nema kuwa ya aske gemu ya sa kwat ya wuce. Sa'an nan zai yi asarar abin da ya fi kowace na'ura amfani, watau amincewar uba da maƙwabci da limamin da za su kawo labari tun abu bai lalace ba.

Mudu Biyu

A ranar 19 ga Afrilu 1995 an tayar da bam a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, ciki har da yara 19. Kafin ƙura ta lafa masu sharhi sun riga sun nuna Gabas ta Tsakiya da yatsa, har aka tsare wani Ba'amurke ɗan asalin Jodan a filin jirgin London aka mayar da shi. Ashe Timothy McVeigh ne, farar fata, tsohon sojan Amurka. A ranar 22 ga Yuli 2011 aka kashe mutum 77 a Norway, yawancinsu matasa a wani sansani. Nan ma aka yi ta ambaton masu da'awar jihadi, sai ga shi Anders Breivik ne, ɗan ƙasa, wanda ƙin Musulmi da baƙi ya ingiza shi. Bayan an gane su, babu wanda ya ce a riƙa caje fararen fata, babu kuma wanda ya nemi danginsu da limaman cocin garinsu su fito su nemi gafara. An ce laifinsu nasu ne su kaɗai, kuma haka ɗin shi ne daidai. Abin da ake nema kurum shi ne a yi wa kowa wannan adalci.

Bambancin ba zato ba ne, an auna shi. Wata malamar jami'a a Amurka, Erin Kearns, da abokan aikinta sun bi labaran jaridu game da hare-haren da aka kai a ƙasar daga 2006 zuwa 2015, suka tarar cewa harin da Musulmi ya kai yakan sami labarai fiye da ninki huɗu na wanda wani ya kai. Mai karanta jarida kuwa da abin da aka nuna masa yake auna duniya. In kullum fuska iri ɗaya yake gani a shafin farko, tilas ya zaci daga nan kaɗai mutuwa ke fitowa. A irin wannan ƙasa da aka daɗe ana yi wa ban ruwa ne mutumin da ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya tsiro. Ya kamata a yaba wa Firayim Ministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, wadda ta kira abin ta'addanci tun ranar farko ba tare da kwana-kwana ba.

A watan Yuli na 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Nan da nan aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka wanda ya shigo ta jirgin ruwa. Kashegari gungun mutane suka far wa masallacin garin da duwatsu, tarzoma ta bazu zuwa garuruwa da dama, har aka yi yunƙurin ƙona masaukan baƙi. Maharin kuwa a Cardiff aka haife shi. Waɗanda suka jefi masallaci ba su jira hujja ba, domin hukuncinsu ya riga laifin zuwa. Ingila ta taɓa yin irin wannan ga waɗansu mutanen. Bayan bama-baman Birmingham na 1974, waɗanda suka kashe mutum 21, an ɗaure 'yan Ireland shida, suka shafe shekara 16 a kurkuku kafin kotu ta wanke su a 1991. Jiya ɗan Ireland ne abin zargi, yau Musulmi, gobe kuma Allah kaɗai Ya san wanda za a juya wa.

Su Wa Ake Kashewa?

Abin da masu ƙin Musulmi ba sa son ji shi ne cewa Musulmi ne suka fi kowa mutuwa a hannun masu da'awar jihadi. Rahoton cibiyar yaƙi da ta'addanci ta gwamnatin Amurka na 2011 ya ce, inda aka iya tantance addinin mamatan, Musulmi ne kashi 82 zuwa 97 cikin 100 na waɗanda ta'addanci ya kashe a shekaru biyar da suka gabace shi. A Disamban 2014 an kashe yara 'yan makaranta fiye da 130 a Peshawar ta Pakistan. A Oktoban 2017 an kashe sama da mutum 500 a Mogadishu, a watan Nuwamba kuma sama da masallata 300 a wani masallaci a Sinai ta Masar. A 2024 fiye da rabin mace-macen ta'addanci na duniya a yankin Sahel suka auku. A nan gida an kashe Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya da Sarkin Gwoza Idrisa Timta a 2014, an yanka manoman shinkafa fiye da 40 a Zabarmari a 2020. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rayuka kimanin 350,000, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta.

Ke nan mai tsoro a Manchester da mai tsoro a Maiduguri abokin gabarsu ɗaya ne. Shi kuwa abokin gabar ya san abin da yake so. A 2015 ISIS ta bayyana a mujallarta cewa burinta shi ne ta rushe zaman tare tsakanin Musulmin ƙasashen Yamma da maƙwabtansu, har a ƙuntata musu su rasa wurin zuwa sai wajenta. Duk wanda ya jefi masallaci ko ya fizge wa mace hijabi a titi, aikin ISIS yake yi mata kyauta, ko ya sani ko bai sani ba. Su kuwa Musulmin da ake zargi, a cikinsu akwai Ahmed Merabet, ɗan sandan da aka harbe yana bakin aiki a harin Paris na Janairun 2015, da Lassana Bathily, ɗan Mali mai aiki a wani kantin Yahudawa, wanda ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi a wannan mako ya ceci rayukansu.

Laifi Tudu Ne

Kafin mu gama hangen na Turawa, sai mu dubi wanda muke takawa. A watan Maris na 2025 mafarauta 16 'yan Arewa sun taso daga Jihar Ribas za su gida yin Salla, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Mutanen yankin sun sha wuya a hannun masu garkuwa da mutane, tsoronsu na gaske ne. Amma da suka sauke shi a kan baƙon da ba su bincika ba, sai ya zama kisan gilla. Mun yi kuka, kuma kukanmu yana bisa hanya.

To, mu fa? A Zamfara da Katsina da Sakkwato, sau nawa 'yan sa-kai suka kama Bafulatani a kasuwa suka kashe don kawai Bafulatani ne, alhali shi ma an sace masa shanu? Wannan ɗanyen hukunci yana cikin abubuwan da suka rura wutar da muke ciki. Sau nawa aka hana ɗan gudun hijirar Borno hayar ɗaki don an ji harshensa? Mai kisa da wanda aka kashe a nan alƙiblarsu ɗaya, abin da ke nuna cewa cutar ba ta Turawa ba ce kaɗai, ba kuma ta addini ɗaya ba. Haka nan kuma ya wajaba mu yarda cewa Kiristan da aka kashe wa dangi a cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, ko a cocin Owo a 2022, yana da dalilin fargaba. Ba a kwantar masa da hankali ta hanyar musun abin da ya gani. Ana kwantar masa ne da irin aikin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 260 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Amsar tambayar ke nan: tsoron ta'addanci na hankali ne muddin ya tsaya a kan mai aikata shi, ya yi daidai da haɗarin, ya kuma auna kowa da mudu ɗaya. Da zarar ya tsallaka daga mai laifi zuwa mai kama da shi, ya tashi daga hattara ya koma zalunci, ko a London aka yi ko a Uromi ko a kasuwar ƙauyenmu. A ƙasashen Yamma iri biyun duka suna nan, sau da yawa ma a cikin zuciya ɗaya, kuma akwai 'yan siyasar da abincinsu ke nan, su cuɗa su don neman ƙuri'a.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gwamnati, musamman 'yan sanda da jami'an shige da fice da na tsaro, su riƙa bin bayani da hujja, su bar bin ƙabila da gemu, su kuma ɗauki rahoton da talaka ya kawo da muhimmanci, su rufa masa asiri. 'Yan jarida su jira tabbaci kafin su ambaci addini ko ƙabilar wanda ake zargi, su kuma kira kisa da suna ɗaya ko wane ne ya yi shi. Malamanmu su ci gaba da fito-na-fito da masu halatta jini, domin wake ɗaya ke ɓata gari, kuma mai gari ne ya fi cancanta ya tsince shi. Ɗalibai kuwa, waɗanda labari ke iso wa ta waya kafin kowa, su tuna da Southport kafin su tura abin da ba su tabbatar ba. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun haɗu a kan cewa laifin wani ba ya shafar wani. In muna son a yi mana aiki da wannan ƙa'ida a filin jirgin Turai, lalle ne mu fara aiki da ita a tashar motarmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wani saboda tsoro, amin.